Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Hukumomin Ƙarin Jini, Kafin Ku Sa Hannu a Sayo Injin Gwajin DNA

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, irin mutanen da ba a tunawa da su sai an zo neman ledar jini cikin dare. Na rubuto muku ne a kan maganar da ta fara yawo a tarukanku da takardun tallan kamfanoni, wato gwajin gaggawa da ke gano rukunin jinin mutum daga ƙwayoyin gadonsa. Bari in faɗa tun da wuri, ina goyon bayan abin, kar wani ya ce ai ɗan tsohon yayi ne yake tsoron inji zai ƙwace masa aiki. Yadda ake tallata shi ne bai kwanta min ba. Kullum maganar sauri ake, minti kaza, awa kaza, alhali mu a benci, wato teburin da muke gwaji a kai, sauri bai taɓa zama matsalarmu ba.

Ku shigo lab ku tsaya a bayana ku gani. Ɗigo uku na jini a kan farin tayil, a sa anti-A mai shuɗi a na farko, anti-B rawaya a na biyu, anti-D da ba shi da kala a na uku, a gauraya da tsinke a ɗan jujjuya tayil ɗin, kafin minti biyu wanda zai yi gudaji ya yi. Asalin dabarar ke nan tun 1901 da Karl Landsteiner ya gano A da B da O a birnin Biyena, an dai yi ta gyara ta har aka zo kan kwalabe da katin jel. Babu injin DNA da ya kamo ƙafar wannan a sauri. Wanda kuma aka kawo jina-jina daga hatsarin mota ba mai jiran PCR, wato gwajin DNA na inji, a kansa, O za a rataya masa ana ci gaba da gwaji. To in dai A da B da O da fositif da negetif ne kaɗai abin da kuke nema, ku riƙe kuɗinku wallahi.

Inda gizo ke saƙar shi ne rukunin jini bai tsaya a waɗannan ba. Ƙungiyar ƙarin jini ta duniya, ISBT, ta amince da tsarin rukuni sama da 40, da alamomi sama da 300 da ke zaune a bayan jajayen ƙwayoyin jini, kuma har yanzu ana ƙara ganowa, a 2024 ma masu bincike a Biristol ta Ingila suka tabbatar da wanda ake kira MAL, bayan an shafe shekara 50 da ɗoriya ana ganin alamar ba a san tushenta ba. Tsarin Rh kaɗai yana da alamomi sama da 50, D ɗin da muke cewa fositif ko negetif ɗaya ce tak a cikinsu, ga C ga E ga ƙananan c da e. Sannan ga Kell, ga Duffy, ga Kidd, ga MNS. Wanda za a ƙara wa jini sau ɗaya a rayuwarsa da wuya waɗannan su dame shi. Wanda za a ƙara wa sau goma, sau ashirin, sau hamsin fa? Duk leda tana shigowa da alamomin da jikinsa bai sani ba, garkuwar jiki ta ɗauke su a matsayin baƙi ta haɗa musu sojoji, ranar da aka sake kawo jini mai irin wannan alamar sai yaƙi.

Masu sikila su ne suka fi kowa shan wannan wahalar, kuma ana haifar jarirai sama da dubu 300 da ciwon duk shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Ga yadda abin yake zuwa mana. An ƙara wa yarinya jini, kurosmacin, wato gwajin dacewar jininta da na leda, ya yi kyau, ta farfaɗo an sallame ta. Bayan mako guda ko kwana goma sai a dawo da ita tana kukan ƙasusuwa, zazzaɓi, ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu. Kowa sai ya ce ai ciwon ne ya tashi. A auna jini a ga ya faɗi ƙasa da inda yake kafin a ƙara mata, hankali ya tashi, a aiko mana takarda a kawo leda biyu yanzu-yanzu. Alhali jinin da aka sa mata ne jikinta ke farfasawa, wani lokaci har da nata yake haɗawa, ƙarin wani jinin ba tare da bincike ba yana iya zama ajalinta. Abin haushin ma wasu sojojin, musamman na Kidd, sukan ɓuya bayan 'yan watanni, ka gwada ka ga babu komai, ka ba da jini, su dawo da ƙarfinsu.

Za ku ce to me ya hana mu gwada sauran alamomin da sinadarai kamar yadda muke gwada A da B? Muna yi in akwai sinadarin, amma akwai inda hannunmu ke ɗaurewa. Jan ƙwayar jini tana kai wa kwana 120 a jiki, saboda haka wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce jinin mutum biyu ko uku ne ke yawo a jijiyarsa. Ka sa shi a katin jel ka juya, sai ka ga wasu ƙwayoyin sun maƙale a sama wasu sun gangara ƙasa, layi biyu a rami ɗaya, wanne ne nasa wanne ne na mai bayarwa? Ba ka da ta cewa. Ga masu ciwon da garkuwarsu ke kai wa jininsu hari, su kowane gwaji fositif yake fitowa. Ga masu kansar ɓargo da ke karɓar maganin daratumumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2015, shi ma yana rikita gwajin dacewa har tsawon watanni. Sannan akwai alamomin da sinadarinsu ba ya samuwa a kasuwa kwata-kwata, ko a same shi da ƙyar.

A nan ne gwajin DNA ya yi rana. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da DNA, daga fararen ake ciro shi, ko a goga auduga a cikin kumatu, don haka ko jiya aka ƙara wa mutum jini amsar da za ta fito tasa ce. Kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa in an adana sakamakon. Tun 1990 da Fumiichiro Yamamoto da abokan aikinsa suka karanto ƙwayar gadon ABO a kuromosom na 9 aka gane cewa yawancin bambancin rukunin jini canjin harafi ɗaya ne ko 'yan kaɗan a rubutun DNA, mafi yawan masu O ma harafi ɗaya ne ya faɗi a wuri na 261 shi ke nan sinadarin ya daina aiki. Injin PCR yana kwafar wannan ɗan gurbin sau miliyoyi har a iya ganinsa, cikin 'yan awoyi an gama. Akwai faranti masu duba alamomi da dama a zama ɗaya, hukumar FDA ta Amurka ta amince da na farko a 2014, yana duba sama da 30. Akwai LAMP da Japanawa suka fito da shi a 2000, shi ba ya buƙatar injin da ke hawa da sauka da zafi, a zafi ɗaya yake aiki wajen digiri 60 zuwa 65, ƙasa da awa guda ka ga kalar ruwan ta canza. Shi ne ya fi jan hankalin masu son kai gwajin ƙananan asibitoci, kuma ina ganin dalilinsu. Ingila kuwa a farkon 2024 ta fara yi wa masu sikila da talasemiya wannan gwajin, kusan mutum dubu 18 ne suka cancanta. Kar a haɗa shi da gwajin AA da AS da SS, wancan na himogulobin ne, wani gida ne daban a kuromosom na 11.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gwajin tayil yana kallon ginin da aka riga aka yi ne, shi kuwa DNA zanen ginin yake karantawa, kuma ba kullum magini ke bin zane ba. Inji hasashe yake yi, ya ga ƙwayar gado sai ya ce lallai alamar tana nan. Hasashen kuma ya dogara da jinin waɗanda aka yi amfani da su aka tsara kayan gwajin.

Ku ɗauki D negetif. A wurin Turawa, kusan kashi 15 cikin 100 ne negetif, kuma kusan dukkansu ƙwayar gadon RHD, mai samar da alamar D, ce babu ita gaba ɗaya a kuromosom na 1. Gwaji ya zo da sauƙi ke nan, a nemi RHD, in an gani fositif, in ba a gani ba negetif. Amma a shekarar 2000 aka wallafa binciken da ya nuna cewa kusan biyu bisa uku na baƙaƙen Afirka masu D negetif suna ɗauke da RHD ɗin, tana nan zaune, sai dai matacciya ce, an sami haruffa 37 da suka maimaitu a cikinta tare da wasu canje-canje da suka hana ta aiki. Wasu kuma tasu gauraye ce, rabi RHD rabi RHCE, ƙwayar gadon da ke samar da C da c da E da e. Idan kuka sayo kayan gwajin da kawai ke tambayar ko RHD na nan, zai kalli mace 'yar Afirka mai D negetif ya rubuta mata fositif cikin minti 40, kowa ya tafa a ce an ci gaba, a ɗauko jini fositif a sa mata, jikinta ya haɗa anti-D, wato sojojin da ke yaƙar D, cikin da za ta ɗauka nan gaba ya shiga haɗari. Sauri ya haifi nawa ke nan. Kamfanonin kirki sun san da wannan kuma sun gyara nasu, amma ba kowane kwali mai kyalli ba ne aka gyara, kuma ba za ku gane ba sai kun tambaya a rubuce.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai masu guntuwar D, wato alamar tana nan amma wani ɓangarenta babu, irin su DAR da DIIIa da wasu daga dangin DAU, kuma sun fi yawa a jinin Afirka. A tayil fositif suke fitowa sarai, a ba su jini fositif, su haɗa sojoji a kan ɓangaren da ba su da shi. Haka C da e ma suna da irin wannan guntayen. A 2013 wani bincike a Filadelfiya ya nuna masu sikila da dama sun haɗa sojojin Rh duk da an dace musu da D da C da E da K ta tsarin Kell, kuma daga baƙaƙen fata 'yan uwansu aka karɓo jinin, da aka duba DNA sai aka ga bambancin ƙwayoyin RH ne a tsakani. Wannan tayil ba zai taɓa nuna maka shi ba, kuma arhar kayan DNA ma ba zai nuna ba, sai wanda aka tsara don shi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin jini ta Amurka a ƙa'idojinta na 2020 ta ce a san cikakkun alamomin mai sikila tun da wuri, in da hali kafin ƙarin jini na farko, kuma ta fifita a yi ta DNA.

Duffy kuwa a nan DNA sauƙi yake kawowa, ina son wannan misalin. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, abin da ke ba su kariya daga nau'in maleriyar vivax. A tayil za ka ga babu Fya babu Fyb, manyan alamomin Duffy biyu, ka shiga neman jinin da ba shi da su duka biyun. Amma a 1995 aka gano harafi ɗaya ne ya canza a makunnin ƙwayar gadon, ya kashe ta a jini kawai, sauran sassan jiki suna yin Fyb ɗinsu, don haka jikin ya san ta, da wuya ya yaƙe ta. Gwajin da ya san wannan makunnin zai faɗaɗa wa mara lafiya masu ba shi jini, wanda bai san shi ba zai ce Fyb na nan a jini alhali babu, in mai bayarwa ne an yi asarar jini mai daraja ke nan.

Kar kuma wani ya zo muku da cewa za a daina gwajin sinadarai. ABO tana da nau'o'i sama da 200, kuskure ɗaya a cikinta yana iya zama kisa. Akwai rukunin Bombay da aka gano a Indiya a 1952, mutum ƙwayar gadonsa ta ABO tana cewa A ne ko B, amma wata ƙwayar daban a kuromosom na 19 ta hana a yi tushen da ake ɗora alamar a kai, ko O ba ya iya karɓa sai irin nasa. Wanda aka yi wa dashen ɓargo DNA ɗin jininsa na wanda ya ba shi ɓargon ne. Uwa uba, DNA ba ya ganin sojojin da jiki ya riga ya haɗa, wannan sai an gwada ruwan jini, gwajin Coombs na 1945 yana nan daram. Kurosmacin ba ya zuwa ko'ina.

Sai mata masu juna biyu. A 1997 Dennis Lo ya gano cewa DNA ɗin ɗan tayi yana yawo a jinin uwa, daga nan aka fara gane D ɗin jariri daga jinin hannun uwarsa, ba sai an soka allura a mahaifa ba. Denmak ta mayar da shi tsarin ƙasa a 2010, Holan a 2011. Amfaninsa a can shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na mata masu negetif jaririn da ke cikinsu ma negetif ne, ba sa buƙatar allurar anti-D mai hana jikin uwa haɗa sojoji a kan jinin jariri, ita kuwa allurar daga jinin mutane ake haɗa ta, ba ta wadata ba. Abu ne mai kyau, amma ku duba gidanku tukuna. In har akwai matan da ke zuwa awon ciki a haihu a tashi ba a taɓa gaya musu su negetif ba ne, ko an gaya musu amma babu allurar da za a yi cikin awa 72 bayan haihuwa, to wannan ramin za a fara cikewa, tayil da allura sun ishe shi. Kuma matacciyar RHD ɗin nan tana nan tana jiranku a wannan gwajin ma, uwar da ke ɗauke da ita DNA ɗinta zai rufe na jaririn in kayan gwajin ba su iya bambancewa ba.

Wani abin da nake tsoro shi ne a gwada marasa lafiya a bar masu bayarwa. Ka san yarinya tana buƙatar jinin da ba C ba E ba K ba Jkb ta tsarin Kidd, madalla, ka buɗe firij ka ga ledoji an rubuta O fositif kawai, me ka ƙaru da shi? Sanin ya zama baƙin ciki. Dole a gwada masu ba da jini na sa kai da ke dawowa a kai a kai, a rubuta, a san wa za a kira. Wanda ya zo sau ɗaya don ɗan uwansa ba zai dawo ba, kashe kuɗin DNA a kansa asara ce. Jinin miji ga matarsa kuwa in tana shekarun haihuwa gara a kauce masa, don alamomin da jikinta zai yaƙa su ne ɗan da za ta haifa masa zai iya gada. A irin wannan tantancewar ce ake tsintar masu jini mai wuyar samu, irin U negetif da kusan sai a jinin Afirka ake ganinsa, a sa su a rajista, in akwai kayan aiki a daskarar da jininsu ya shekara 10, maimakon kwana 35 zuwa 42 da leda ke yi a firij.

Sakamakon kuma ya bi mara lafiya duk inda ya je. Yau yana wannan asibitin gobe yana wancan, fayil ya ɓata, sojan da aka gano bara ya ɓuya, a sake maimaita ɓarnar. Kati a aljihu da rajista a kwamfuta da kowane bankin jini zai iya dubawa, in babu su an yi aikin banza. Amma a rufe ta da kyau don Allah. DNA na iya tona abin da ba shi aka zo nema ba, a gwada uba da ɗa a ga lissafi bai haɗu ba, ma'aikaci mai sakin baki ya rusa gida, alhali wani lokacin ma nau'in da ba a saba gani ba ne ya kawo saɓanin. A rubuta doka ƙarara, wa ke da izinin gani, me za a yi da ragowar samfur, kuma a nemi yardar mutum da harshen da yake ji.

Maganar benci kaɗan kafin in ajiye alƙalami. LAMP ɗin da ake yabo yana da saurin gurɓata, wani ya buɗe kwalbar da aka gama gwaji a ɗakin da ake haɗa sinadarai, shi ke nan kwafin DNA ya watsu a iska ya zauna a benci da safar hannu, daga ranar kowa fositif ne har ruwan da ba komai a ciki. Ana buƙatar ɗakuna a rarrabe, da samfurin tabbatarwa a kowane zagaye, da wanda ya iya karanta sakamakon da ya saɓa wa tayil ya san wa zai aika wa a karanta ƙwayar gadon harafi bayan harafi. Ba kowane asibiti ne ke buƙatar inji ba, cibiya ɗaya mai ƙarfi da ake aika mata samfur ta fi injuna ashirin da sinadarinsu ya ƙare bayan wata shida aka lulluɓe su da leda. Injunan PCR da aka tara lokacin korona ma da yawa za su iya wannan aikin, a fara ƙirga su kafin a yi odar sababbi.

Abin da nake roƙo, ranar da ɗan kamfani ya zauna a gabanku da takardunsa, ku sa ma'aikacin benci ɗaya da likitan masu sikila ɗaya a teburin. Ku ce ya nuna a rubuce jinin su waye aka gwada kayan da shi, ko yana gane matacciyar RHD da gaurayayyun RH da makunnin Duffy da U negetif, da abin da injin ke rubutawa in ya haɗu da nau'in da bai sani ba. Sannan kafin a biya ko sisi a kawo kayan a gwada su a kan samfuran mutanen da za a yi wa aiki da su, gefe da gefe da gwajin sinadarai, duk inda suka saɓa a bi diddigi a gano dalili, a fitar da sakamakon kowa ya gani. Layin farko kuma a ba yara masu sikila da ba a taɓa ƙara wa jini ba, da masu ba da jinin da za a riƙa kira dominsu.

Na gode da kuka karanta, Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini